Muhawara: Binciken lafiya, mu yake yi wa aiki ko masu yin sa?

Ummi Sulaiman: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, an ce kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai kafin a yaye mu. Don Allah mene ne amfanin wannan abu ga nas ɗin da za ta ƙare a ɗakin marasa lafiya tana ba da magani tana sa ruwa? Ayyukan waɗanda suka gabace mu suna nan jibge a ɗakin karatu, ƙura ta rufe su, ba mai buɗewa. A gaya mini gaskiya, ba irin amsar da ake rubutawa a jarrabawa ba.

Habu Mai Kemis: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki yi ki karɓi takardarki kawai. Bincike a ƙasar nan na mutum biyu ne: malamin jami'a mai neman ƙarin girma, da ƙungiyar da Turawa suka ba kuɗi take neman yadda za ta rubuta rahoto. Talaka ba ya ciki.

Dakta Bashir: Malam Habu, in uwa ta zo shagonka yau da yaro, an yi gwaji an ga maleriya, me kake ba ta?

Habu Mai Kemis: Mai shida-shidan nan mana, Coartem ko danginsa. Wa yake ba da kulorokwin yanzu?

Dakta Bashir: To wa ya hana ka? Kulorokwin ya fi araha, kuma iyayenmu shekara da shekaru shi suka sha. Abin da ya faru shi ne an riƙa ba yara maganin a garuruwa daban-daban, ana bin su mako biyu zuwa huɗu ana ɗibar jininsu ana dubawa, aka ga ƙwayar cutar ta daina jin sa a jikin da yawa daga cikinsu. Kai a shago ba za ka taɓa gane haka ba, domin wanda ya warke zai dawo ya gode maka, wanda jikinsa ya tsananta kuwa asibiti za a wuce da shi, ba za ka sake jin labarinsa ba. Da aka tara sakamakon ne Najeriya ta sauya tsari a 2005. Ummi, amsarki ke nan a taƙaice: bincike shi ne tambayar da aka yi da tsari, aka ƙirga wanda ya warke da wanda bai warke ba, har wani ma zai iya maimaitawa ya gani ko haka ne. Duk abin da za ki yi a ɗakin marasa lafiya, daga wanke hannu har yawan ɗigon ruwan da za ki saita, wani ne ya zauna ya ƙirga.

Habu Mai Kemis: Na ji. Amma an ce sinadarin maganin ma daga tazargade aka samo. Ashe masu maganin gargajiya sun riga ku.

Dakta Bashir: Daga wani nau'insa na ƙasar Sin, ƙwarai. Wata mata Tu Youyou ce da tawagarta suka tace shi a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma sai da suka gwada tsirrai masu ɗimbin yawa, mafi yawansu ba su yi komai ba, alhali kowanne akwai mai rantsuwa cewa yana aiki. Ban raina saiwa da sassaƙe ba. Mai magani ya kawo nasa a gwada shi ne muke ta roƙo.

Alhaji Ɗanlami Fagge: Likita, na yi shiru ina karantawa, amma ba zan bari a yi wa yarinya rabin bayani ba. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗana ne ya saka ni a zauren nan saboda jikana mai sikila. A 1996 ina nan Kano lokacin da sanƙarau ya shigo. Wanda bai ga Asibitin Zana a watannin zafin nan ba, ba zai gane ba. Yara kwance a baranda, a ƙarƙashin bishiya, wuya ya sanƙare, iyaye ba sa tambayar komai sai a taimaka musu. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya zo ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara 200. Guda 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye. Suka yi 'yan makonninsu suka tattara suka tafi, annoba na ci. Wannan ma ai bincike sunansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada ku zo kuna cewa jahilci ne ya sa mutanenmu suke gudun mai farar riga da takarda a hannu.

Sista Rabi: Allah ya jiƙansu. Baba, ba wanda zai ce maka jahilci a nan.

Dakta Bashir: Ranka ya daɗe, ba zan kare abin da aka yi ba, kuma duk wanda zai koyar da bincike a Arewa bai fara da wannan labari ba, ya ha'inci ɗalibansa. Bari in ƙara abin da aka sani don matasa su ji duka. An raba yaran gida biyu, kusan rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su maganin da aka saba, ceftriaxone, amma aka rage masa ƙarfi ƙasa da yadda aka tsara. A cikin 11 ɗin, 5 daga masu Trovan ne, 6 daga ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, domin annobar ta ci mutum fiye da 11,000 a ƙasar, kuma ya ce an yi wa iyaye bayani da baki da Hausa. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya ce musu ga ƙungiyar agaji ta Likitocin Na-gari Na-kowa can a harabar suna ba da maganin da aka sani kyauta. Babu takardar amincewa da sa hannun iyaye. Jaridar Washington Post ce ta tono maganar a 2000, daga baya kuma ta fito cewa takardar izinin da aka nuna daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohuwar rana. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shi kansa Trovan an taƙaita amfani da shi a Amurka a 1999 saboda illa ga hanta.

Abin da nake so a lura: ko da a ce ba yaro ko ɗaya da ya mutu, laifi ne. Laifin shi ne mahaifi bai san an sa ɗansa a gwaji ba, bai san yana da ikon ya ce a'a ba.

Alhaji Ɗanlami Fagge: Alhamdulillahi da ka faɗa da bakinka.

Dakta Bashir: Kuma mun biya kuɗin wannan ta'asa da ƙafafun 'ya'yanmu. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, sunan Pfizer yana bakin mutane. Sai Yulin 2004 aka koma, bayan an kawo maganin daga Indunusiya, kafin nan cutar ta yaɗu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai 2020 aka tabbatar Afirka ta fita daga shan inna na asali. Yanzu dai akwai kwamitin ƙasa mai kula da ƙa'idojin binciken lafiya, da kundinsa na 2007, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da nasu kwamitin. Doka ta ce a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a gaya masa haɗarin, a gaya masa zai iya fita duk ran da ya so ba tare da an daina duba shi ba.

Habu Mai Kemis: Doka a takarda. A ƙauye wa zai bi?

Issoufou Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Alhaji, sanƙarau ɗin nan mu ma ya ɗebe mu a shekarun nan. Amma ina so a tuna cewa bincike ne kuma ya karya shi. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, an yi ta ne musamman domin yankinmu, an gwada ta a kan yaran Afirka da sanin iyayensu, wani kamfani na Indiya ya yi ta a ƙasa da rabin dala kowace allura. Nau'in A da yake kashe mu dubbai kusan ya ɓace. Kuma saboda ana ci gaba da ɗibar ruwan ƙashin bayan masu cutar ana kai wa ɗakin gwaji aka gane cewa wanda ya afka wa Yamai a 2015 wani nau'i ne daban, C, haka na Zamfara da Sakkwato a 2017. Da ba a dubawa, da sai a ce allurar ce ƙarya.

A jihar Dosso kuma an yi wani binciken: a wasu garuruwa ana ba ƙananan yara azithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu a shekara, a wasu ana ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a inda aka ba da na gaskiya. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba da raba irin wannan magani ga yaron da ba shi da ciwo, don ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi. Su ma masu binciken sun auna hakan sun ga yana faruwa.

Ummi Sulaiman: Yaya Issoufou, ba zalunci ba ne a ba wasu maganin bogi?

Issoufou Maraɗi: Zalunci ne in an riga an san maganin yana aiki, ko in mutum yana kwance aka hana shi abin da aka saba. A nan ba wanda ya sani, kuma yaron da ya kamu da ciwo ana kai shi likita kamar kullum. In ba ki da waɗanda za ki kwatanta da su, damina mai kyau ma za ta iya rage mutuwa ki ce maganinki ne.

Sista Rabi: Ummi, zo nan 'yata in ba ki tawa, ni da nake ɗakin haihuwa. Yadda aka koya mana auna jinin mai jego shi ne da ido. Ki dubi zanen da ke ƙarƙashinta, ki dubi leda, ki dubi ƙasa, ki ce wannan bai kai ba. Jinin ya haɗu da ruwan haihuwa, wani ya shige katifa, fitila ta waya ce a hannun 'yar rakiya. Matar tana hira da ke, tana tambayar mace ce ko namiji, sai kawai ki ga leɓenta ya yi fari, tana hamma, tana neman ruwa. Lokacin kin makara, sai gudu neman jini, miji yana waya yana kiran 'yan'uwa.

Aka zo aka yi bincike a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Abin da aka gwada ba wata na'ura ba ce mai tsada. Leda ce da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, tana da aljihu mai tsini a ƙasa da layuka, jinin yana taruwa a ciki kina ganin inda ya kai. Ya taɓa layin mililita 500, ba jira, ba gwada wannan a ga ko zai yi: a murza mahaifa, a yi allurar tsuke ta, a ba da maganin tsayar da jini tranexamic acid, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Duk magungunan nan mun san su da ma. Abin da muka rasa shi ne sanin cewa idonmu yana yaudararmu, kusan rabin masu zubar jinin ba ma gane su da wuri. Ni ungozoma ce mai alfahari da idonta, amma layin leda ya fi shi.

Habu Mai Kemis: To Sista, kuna da ledar a wajenku?

Sista Rabi: An kawo kwali ɗaya lokacin horo, ya ƙare, shiru kake ji. A nan kam ina bayanka Malam Habu. Binciken ya yi nasa, masu sayen kaya ne ba su yi nasu ba.

Hajiya Binta Walwala: Ku masu asibiti kun ma ji daɗi, ana ƙirga muku. Mu a ɓangaren jin daɗin jama'a da tsammani muke aiki. Tsofaffi nawa ne a ƙaramar hukuma ɗaya suke kwana ba mai juya su? Matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari, bayan shekara biyu nawa suka koma ɗakinsu, nawa suke bara? Da aka buɗe gidan marin nan na Rigasa a Kaduna a 2019 aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, kowa ya yi Allah wadai, aka bi wasu aka rufe. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can da kuɗinsu, me ya kai su, yanzu ina suke kai su? Wannan tambayar bincike ce, kuma rufe gida ba ya amsa ta. Ƙididdigar shaye-shaye ta 2018 da aka yi tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum miliyan 14.3 ne a ƙasar suka taɓa ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kafin nan in ka ce matan aure na sha, sai a ce ka ɓata mana suna.

Sai dai yadda ake tambayar ma abin dubawa ne. Na taɓa raka wasu masu tattara bayanai. Takarda da Turanci, yaro yana fassarawa a tsaye. Aka tsaya a soro, maigida ya ce ku tambaye ni, ni na san komai nata. Aka tambaye shi ko matarsa tana samun damuwa bayan haihuwa, ya ce lafiya lau take. Aka rubuta. Ita tana bayan labule da jariri ba ta ce uffan ba. Wannan amsar ta shiga kwamfuta ta zama alƙaluma.

Ummi Sulaiman: Anti, namu ya fi wannan muni. Wasu a ɗakin kwana suke cike takardun tambayoyin da kansu, a canza biro a canza rubutu.

Dakta Bashir: Gara ki tambayi mutum 30 da gaske ki rubuta 30, da ki ƙirƙiro 300. Ƙarya a nan ba ta tsayawa a kanki, wani zai ɗauka ya kafa hujja da ita. Kuma hannun da ya saba cike takardar bogi shi ne gobe zai rubuta awon jinin da bai auna ba a fayil ɗin mara lafiya. Ki ɗauki ƙaramin abu na gabanki. Misali, a cikin masu hawan jini da aka sallama daga ɗakinku, nawa suke dawowa ganin likita, waɗanda ba su dawo ba kuɗin mota ne ko sun ji sauƙi ne suka daina.

Nura Anka: Ni ɗan Zamfara ne, bari in sa baki. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai suma da jijjiga. Aka ce maleriya ce, aka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. An ba da maganin maleriya ba ya ji. Likitocin Na-gari Na-kowa ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, suka ɗebi jini aka aika waje, sai ga gubar dalma mai yawan da na'urar hannu ma ta kasa aunawa. Aka bi gida-gida ana tambaya, ana auna ƙasar tsakar gida. Ashe dutsen zinare da ake kawowa gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa inda yara ke rarrafe, shi ne. Yara fiye da 400 suka tafi. Binciken ya kuma nuna ba amfanin ba yaro maganin fitar da gubar in zai koma cikin ƙurar, sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa. Shi ya sa ba a fara yi wa yaran ƙauyen Bagega magani ba sai 2013 da aka saki kuɗin kwashe ƙasar, kafin nan suna jira da guba a jiki. Abin da ya sa mutanenmu suka ba da haɗin kai, an dawo an gaya wa kowane uba sakamakon ɗansa, an zauna da masu gari da limamai. Da farko ɓoyewa ake yi don tsoron a hana haƙar.

Alhaji Ɗanlami Fagge: To ka ga wannan an dawo. Nawa ne suke dawowa? A Garki ta Jigawa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shekaru tana binciken sauro tun ina saurayi. Je ka Garki da damina ka ga ko zazzaɓi ya bar su.

Dakta Bashir: Haka ne Alhaji, daga 1969 zuwa 1976. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani, cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, da aka daina ta dawo. Wannan sakamakon ya hana duniya zuba kuɗi a kan zaton feshi kaɗai zai gama da maleriya a irin ƙasarmu, kuma har yau masana suna aiki da alƙaluman Garki. Amma ko mutanen Garki sun ci moriyar daidai da jinin da suka bayar, ba ni da bakin cewa e.

Tunda ka ambaci jikanka, shekararsa nawa? An taɓa yi masa awon jijiyoyin kai?

Alhaji Ɗanlami Fagge: Bakwai. Wane awo ke nan? Mu dai folik asid da maganin maleriya ake ba mu.

Dakta Bashir: Yara masu sikila wasunsu suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai, ba allura ba zafi, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In gudun ya yi yawa, haɗarin ya yi yawa. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara duk wata, abin da ba zai yiwu ga yawancinmu ba. Sai likitocinmu na Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220, rabi aka ba su ƙaramin awo na maganin, rabi matsakaici. Sakamakon 2022 ya nuna ƙaramin awon ma yana karewa daga shanyewar kamar matsakaicin, shi kuma matsakaicin ya fi rage kwanciya asibiti. Tambayar tamu ce, don mu ne ba mu da jinin, kuma an buɗe wuraren awon jijiyoyin kai a asibitocin gwamnati a Kano sanadin aikin. Ka tambaya a asibitin da kuke zuwa, ka ce awon TCD. Kada a sayi ƙwayar a kemis a fara ba shi, sai likita ya gani, don ana bin ta da gwajin jini.

Habu Mai Kemis: Ni ma ba na sayar da ita sai da takardar likita, kafin a ce na ce.

Alhaji Ɗanlami Fagge: Zan sa ubansa ya kai shi ranar asibitinsu. Amma Likita ka sani, in suka kawo wata takarda suka ce a sa hannu, ba mai sawa sai an kawo mini ita gida da Hausa na karanta, ko da za ta kwana uku a wajena.

Dakta Bashir: Awon ba ya cikin gwaji yanzu, aikin yau da kullum ne. In kuma wata rana aka nemi sa shi a wani bincike, haƙƙinka ne ka tafi da takardar gida, kuma a ƙasanta dole akwai lambar kwamitin da ya ba da izini. Ka kira su kafin ka kira mai binciken.